Kayan da ya kamata a saya kafin a buɗe ajin tsara shafin intanet a Kano

Mai cibiyar koyar da sana'a da ke son ƙara ajin tsara shafukan intanet, abin da yakan fara tambaya shi ne kwamfuta nawa zai saya, kuma wace iri. To amma a Kano abin da ya fi kashe irin wannan aji wuta ce, sai data, sai kuma rashin wurin da ɗalibi zai ɗora aikinsa a buɗe shi a kowace waya. Rubuta HTML da CSS, wato harsunan da ake gina shafin intanet da su, aiki ne mai sauƙi ga inji, ba ya buƙatar kwamfuta mai tsada. Don haka shawararmu ita ce a rage kuɗin da ake zubawa a kan ƙarfin inji, a mayar da shi kan waɗancan ukun. Lissafin da ke biye na ajin ɗalibai 20 ne.

Mu fara da injin kansa, tunda shi ne zai nuna yawan wutar da za a tanada. Zaɓi uku ne a gabanka a titin Beirut ko Farm Centre: sabuwar laftop mai araha, laftop ta tokumbo irin ta ma'aikata, ko kwamfutar tebur. Sabuwar mai arahar ita ta fi jan ido, ga kwali ga ƙyalli. Sai dai mafi yawansu Celeron ne da RAM 4GB da ma'aji 64GB da aka like a jikin allon injin, ba ya ciruwa balle a ƙara. Da zarar ɗalibi ya buɗe Chrome da shafuka biyar tare da VS Code, manhajar da ake rubuta shafin a cikinta, sai ta fara jan ƙafa. Araha ba ta ado. Tokumbo irin su HP EliteBook 840 G5, Dell Latitude 5490 da Lenovo ThinkPad T480 an ƙera su ne don aikin ofis na shekaru, jikinsu na da ƙwari, kuma masu gyara a Kano sun san su, ana samun kibod da batir da sikirin ɗinsu ba wahala. Abin da za ka nema: Core i5, RAM 8GB, SSD 256GB, sikirin mai 1920 sau 1080. Kada a raina maganar sikirin, domin ɗalibi yana buƙatar ya ajiye rubutun lamba a hagu, burauza a dama, kuma a kan 1366 sau 768 hakan matsi ne.

Akwai wani tarko da ya kamata a sani. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, ita kuwa Windows 11 tana neman Intel zubi na takwas zuwa sama. Wasu daga cikin waɗannan laftop ɗin jikinsu iri ɗaya ne, sunansu ɗaya, amma cikinsu daban. Dubi lambar da ke bayan i5: idan 8250U ko 8350U ce, zubi na takwas ke nan, idan 7200U ko 7300U ce, na bakwai ne, kuma bai kamata ka biya kuɗin na takwas ba. Wanda ya riga ya mallaki tsofaffin injina kada ya zubar da su. A sa musu Linux Mint a madadin Windows, za su koyar da HTML da CSS sarai.

A shagon, kada ka karɓi guda 20 a ɗaure don an gwada maka ɗaya. A zauna a kunna kowace. A buɗe Notepad a danna kowane maɓalli, musamman na alamomi irin su < da > da / da { da ;, don su ne mai rubuta shafi ke duka kullum, kuma wasu injinan da kibod ɗin Jamus ko Faransa suke zuwa, alamomin ba sa inda aka saba. A mayar da sikirin fari fat a duba tabo, a buɗe murfin a rufe a ji ko maƙalarsa ta saki. A rubuta powercfg /batteryreport a Command Prompt, zai fitar da ƙarfin batir na asali da wanda ya rage. Idan ya gaza kashi 70 cikin 100, a rage kuɗi ko a canza batir. A shiga BIOS, wato saitin injin da ake buɗewa kafin Windows ta tashi, a tabbatar ba a kulle shi da kalmar sirri ba. Sannan a rubuta lambar jikin kowane inji a kan rasit, tare da kwanakin gwajin da mai kaya ya amince da su. Kuma a sayi iri ɗaya gaba ɗaya, don caja ɗaya ta shiga kowace, wadda ta mutu kuma ta zama kayan gyaran sauran.

Kwamfutar tebur tana da nata amfanin: ba a sa ta a jaka a fita da ita, kibod ɗinta in ya lalace kuɗi kaɗan ne, sikirinta babba. Matsalarta ita ce ana ɗauke wuta take mutuwa da aikin ɗalibi a ciki, kuma tsohuwar mai babban akwati da sikirinta tana cin watt 100 zuwa 150, alhali laftop a irin wannan aiki tana tsayawa wajen watt 40. Idan tsoron sata ne ya sa kake son ta tebur, nemi ƙananan nan irin Dell OptiPlex Micro ko HP EliteDesk Mini, cin wutarsu da sikirin bai fi na laftop da yawa ba. Chromebook kuwa a bar ta, da yawa daga cikin na gwanjo a kulle suke da asusun makarantun da suka fito.

Yanzu wuta. Laftop 20 watt 800 ke nan. Fanka huɗu wajen 280, majigi wajen 250, rauta da fitilu a ce 70. Jimla watt 1,400, wato a aji na awa huɗu za a sha kimanin kilowatt-awa 5.6. Janareto mai 3kVA zai ɗauki wannan, kuma shi ya fi sauƙin saye a farko, amma kullum sai an zuba fetur, ga ƙara da ke danne muryar malami, ga wutarsa mai hawa da sauka tana ƙona caja. Sola ta fi tsada ranar saye, ta fi sauƙi a duk ranakun da ke biye, musamman da yake aji da rana ake yin sa kuma Kano ba ta rasa rana. Fanel shida masu watt 550 da inbata mai 3.5kVA ko 5kVA sun isa, amma a tabbatar inbatar mai fitar da tsaftatacciyar wuta ce irin ta Nepa, ba mai sa fanka gurnani ba. Wajen batir ne mutane ke yin asara. Batirin ruwa mai 12V 220Ah yana riƙe kusan kilowatt-awa 2.6, amma rabi kawai ake so a sha. Wanda ke zuƙe shi ƙarƙaf kullum zai sake saye da wuri. Yana kuma son a riƙa ƙara masa tataccen ruwan batir, kuma zafin bazara na rage masa kwana. Na lithium mai 48V 100Ah yana riƙe kusan 5, ana iya shan kashi 80 zuwa 90, ba ruwansa da ƙarin ruwa. In aljihu zai iya, shi za a ɗauka. A lokacin hunturu a riƙa wanke fanel duk mako, da sassafe kafin gilashin ya yi zafi, laftop ɗin kuma a busa musu iska a kai a kai, don ƙura na toshe fankarsu har su riƙa mutuwa da kansu.

Intanet ba sai ta kasance mai gudun tsiya ba, amma a yi mata dabara. Ƙaramar MiFi ba ta ɗaukar aji, yawancinsu na'ura goma ne iyakarsu. A sayi rautar 4G ko 5G ta gida. Kano na cikin biranen da MTN ta fara kunna 5G a 2022, sai dai sabis unguwa-unguwa ne: layin da ke gudu a Zoo Road yana iya yin rarrafe a Kurna ko Ɗorayi. A ɗauki layukan MTN, Airtel da Glo a gwada su a cikin ɗakin ajin, a daidai lokacin da za a riƙa karatu, kafin a biya kuɗin kowace rauta. Starlink, da ta fara aiki a Najeriya a 2023, tana da amfani inda sabis ya gagara, amma kuɗin kayanta da na wata-wata sun fi ƙarfin aji ɗaya, kuma ita ma tana cin watt 50 zuwa 100 duk yini. Abin da ke cinye data a ɓoye shi ne sabunta Windows a injina 20 lokaci guda. A saita Wi-Fi ɗin kowane inji a matsayin layin da ake auna datarsa, a sauke manhajoji sau ɗaya a raba da filasha.

Manhaja kuwa, kada a kashe ko sisi. VS Code kyauta ce, da ƙarin Live Server da ke nuna canji a burauza da zarar an adana. XAMPP tana mayar da laftop ƙaramar saba, wato injin da shafi ke zama a kansa, a girka WordPress, manhajar haɗa shafi, a yi ta gwaji ba tare da data ba. Idan Apache, sabar da ke cikin XAMPP, ya ƙi tashi, galibi wata manhaja ce ta riga shi kama ƙofa ta 80, sai a mayar da shi 8080. GIMP ta isa gyaran hoto. A guji fasassun manhajoji da jigogin WordPress na sata da ake rabawa a guruf, da yawansu da ƙwayar cuta a ciki, kuma shafin abokin ciniki ne zai kwashe ta.

Me za a koyar, wannan ma saye ne, domin lokacin ɗalibi ake kashewa. Wix da makamantanta suna ba da shafi mai kyau cikin awa guda, amma ba a iya kwashe shafin a kai wani masauki, wato wurin ajiye shafi a intanet, kuma na kyautan da tallarsu yake fitowa. WordPress ita ce mai kawo kuɗi da wuri, tana ɗauke da sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya, kuma makarantu da asibitoci da 'yan kasuwa ita suka fi nema. Amma wanda ya fara da ita bai san HTML da CSS ba kamar tela ne da ya iya taka keke bai iya yanka ba: ranar da wani abu ya karkace, sai ya tsaya. A kwas na wata uku, mu dai muna ganin a ba HTML da CSS mako shida, JavaScript kaɗan mako biyu, sauran a ba WordPress da ɗora shafi.

Ɗora shafin nan shi ne abin da cibiyoyi da yawa ke tsallakewa, ɗalibi ya karɓi shaida alhali aikinsa bai taɓa barin laftop ba. Bai kamata a yaye kowa haka ba. Masaukin GitHub Pages kyauta ne, kowane ɗalibi zai samu adireshi da sunansa, sai dai ba ya gudanar da PHP, harshen da WordPress ke aiki da shi, don haka WordPress ba za ta zauna a kansa ba. Saboda WordPress sai a sayi masauki ɗaya mai cPanel, wato shafin sarrafa masaukin, a yanka wa kowane ɗalibi reshen adireshi da asusun FTP na ɗora fayil da ba ya wuce jakarsa. Kafin a biya, a tambayi reshe nawa da rumbun bayanai nawa aka yarda a buɗe, domin ƙaramin tsari kan tsaya a kaɗan, kuma kowace WordPress da nata rumbun ya fi. A tambaya ko takardar tsaro ta Let's Encrypt, mai sa adireshi ya fara da https, tana ciki kyauta, da kuma nawa ne kuɗin sabuntawa a shekara ta biyu, don ragin farko yakan ɓoye shi. Adireshin .com.ng daga dillalan da NiRA, ƙungiyar da ke kula da adireshin .ng, ta amince da su da naira ake biya, ya fi kwanciyar hankali a kan na dala. A yi rajistarsa da sunan cibiya da imel ɗinta. Idan aka yi da na malami, ranar da ya bar aiki da shafin zai tafi.

A ranar ɗorawa ta farko za a ji hannaye sun tashi: "Malam, hotona bai fito ba." A laftop yana fitowa, a intanet sai ɗan akwati fanko. Dalili shi ne sunan fayil ɗin Shadda.JPG ne, ɗalibin kuma ya rubuta shadda.jpg. Windows ba ta bambanta babban baƙi da ƙarami, sabar Linux tana bambantawa. Tun makon farko a kafa doka: ƙananan baƙaƙe, ba tazara a suna, shafin farko kuma index.html. Sai nauyin hoto. Hoton waya yakan kai MB 3 zuwa 5, guda goma a shafin mai sayar da atamfa a Kantin Kwari sun isa su kori mai saye. A rage faɗinsa zuwa pixel 1200, nauyi ƙasa da KB 200. Maɓallin WhatsApp ma yana ba su wahala: a adireshin wa.me lambar da 234 take farawa, a cire sifirin farko.

A cikin kasafin a saka ƙananan wayoyi biyu, itel ko Tecno masu arha, don irinsu ne ke hannun mutanen da za su buɗe shafukan. A kansu za a ga rubutun da ya fita gefe da maɓallin da yatsa ba ya iya dannawa. A kansu ne kuma za a duba baƙaƙenmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Idan suka koma wasu alamomi barkatai, an manta da layin meta charset="utf-8" a kan shafin. Idan kuwa ɗan murabba'i ya fito a gurbinsu, ko ƙ ɗin ta bambanta da sauran baƙaƙen kalmar, salon rubutun da aka zaɓa ne ba shi da su, sai a koma Noto Sans ko Andika. Windows tana da kibod ɗin Hausa a cikin saitin harsuna, a kunna shi a dukkan injinan ranar da ake girka su.