Shukar bazara ko ta kaka: wacce ke kawo barewa gaban maharbi?

Ɗan'uwanmu da ke zaune a jihar Wiskonsin ta Amurka ya yi tambaya. Shi da abokinsa sun karɓi hayar wani daji, akwai ɗan fili a ciki da bai wuce eka ɗaya ba, suna so su shuka wa barewa abinci domin farauta. Shin su shuka a watan Mayu ne, ko su dakata sai Agusta?

Malam, shukar nan biyu ba aiki ɗaya suke yi ba. Ta bazara ciyar da barewa take yi, ta kaka kuwa ita ke janyo ta inda ka yi kwanto.

A bazara waken suya ake sa wa, ko masara, ko waken nan namu na gida da Amurkawa suka ɗauka suna shuka wa namun daji. Ba a taɓa ƙasa sai sanyi ya wuce ta ɗumama zuwa kamar digiri 15 na ma'aunin Salshiyas, wato Mayu zuwa farkon Yuni a wajenku. Amfaninta a fili yake: lokacin ne maza ke fitar da sabon ƙaho, mata kuma suna shayar da 'ya'yan da suka haifa a ƙarshen Mayu da Yuni. Sai dai eka ɗaya ta waken suya ba ta kai labari. Da tsiro ya yi ganye biyu sai su zo da dare su gutsire kansa, da safe ka tarar da kara tsaye kawai, kuma wanda aka cinye ƙasa da ganyen farko ba ya sake tohowa. Ko ya tsira ma, ganyen kan yi rawaya a Satumba, daidai lokacin da ake buɗe farautar kwari da baka a jiharku, barewa ta juya masa baya sai kwanson ya bushe. Ga ciyawa, ga kuɗin feshi.

Ta kaka lissafi take so, kuma daga baya ake ƙirgo shi. Ka nemi ranar da raɓa ta saba fara daskarewa a yankinku, a tsakiyar Wiskonsin wajen ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba ne. Dangin kabeji masu saiwa, irin su tanif da radish, suna buƙatar kwana 60 zuwa 90 kafin wannan rana, saboda haka Yuli zuwa farkon Agusta ne lokacinsu. Alkama da danginta, wato hatsin ots (oats) da hatsin rai (rye), kuwa kwana 30 zuwa 45 sun ishe su. A nan ne mutane ke yin garaje. In ka sa hatsin da wuri, kafin farauta ta kankama ya yi tsawo ya yi tauri, barewa kuwa ɗanyen toho mai taushi take nema. Gara ka ɗan makara da shi, musamman hatsin rai, wanda ke tsirowa ko ƙasa ta yi sanyi sosai. Tanif ne ba ya yafe makara: ganye zai yi ƙanana, saiwa babu.

Kada ka ɗauki kwanan watan da mutumin Alabama ko Misisifi ya ba ka. Su sai ƙarshen Satumba ko Oktoba suke shuka, don wanda ya riga haka fari da tsutsa ke cinye masa, tsutsar nan dai da ta shigo masarar Najeriya a 2016.

Ruwa ma ya fi kalanda iko. Ka zuba iri ana saura kwana ɗaya ko biyu a yi ruwa mai ƙarfi, kamar binne a gida. Yayyafi kaɗan da rana mai zafi a bayansa shi ke kashe tsiro.

In ni ne da eka ɗaya, bazara zan ɓatar wajen kai ƙasar filin a gwada ta, in zuba garin farar ƙasa idan tsami ya yi mata yawa, tunda yana ɗaukar watanni kafin ya yi aiki. Farkon Agusta in sa tanif a rabi, farkon Satumba in sa hatsi da ciyawar kulofa (clover, wata ciyawar kiwo) a ɗaya rabin. A Oktoba idan 'ya'yan itacen ok (oak, wani babban itacen daji) suka zubo za ka ga filin ya yi shiru don barewa sun koma cin su, kada ka damu, suna dawowa kafin a buɗe farautar bindiga ta kwana 9 a Nuwamba. Ka kuma karanta dokar jiharku, don shuka abinci daban, zuba tsaba a ƙasa daban, kuma gundumomi da yawa a Wiskonsin sun hana na biyun.