Wardi da oud, ko farin fure: amsa ga Hajiya ta Aboabo

Hajiya, kin ce kin gaji da turaren fure mai zaƙi irin na 'yan mata, kina neman mai nauyi da duhu, kuma a kasuwar Kejetia ta Kumasi an nuna miki iri biyu, wato wardi da aka haɗa da oud, da kuma farin fure irin su yasmin da tuberose, har kika rasa wanda za ki ɗauka. Na yi amfani da duka biyun shekaru da dama, kuma bambancinsu a wurina yana ga inda duhun ya fito.

Wardi shi kaɗai ƙamshinsa mai haske ne, don haka duhunsa daga waje ake kawo masa. Man wardi na gaske, irin na Ɗa'if da alhazai ke zuwa da shi tsaraba, ko na Isparta a Turkiyya, yana da tsada saboda sai an tara furanni kimanin tan 3 zuwa 4 kafin a samu kilo ɗaya. Abin da ake ɗora shi a kai shi ne oud, wanda ƙaro ne da bishiyar Aquilaria ke fitarwa a cikin jikinta idan cuta ta kama ta, ko ganyen facoli na Indunusiya mai ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya jiƙa, ko lubban. Portrait of a Lady, wanda Dominique Ropion ya haɗa wa gidan Frédéric Malle a 2010, misali ne mai kyau, domin wardin Turkiyya ne a kan facoli mai yawa da lubban. Hancin da ya tashi cikin humra da turaren wuta ba ya baƙunta a nan, kuma irin wannan turare yana kama mayafi ya kwana biyu bai saki ba. Sai dai ki sani cewa oud ɗin da ke cikin kwalba mai araha haɗin sinadari ne, ko da an rubuta sunan Kambodiya, ƙasar da ta yi suna da oud, a jikinta. Wannan ba laifi ba ne, muddin ba a karɓi kuɗin na asali a hannunki ba.

Farin fure kuwa duhunsa a cikinsa yake, kuma wannan ne ya sa nake ƙaunarsa duk da wahalarsa. Yasmin yana ɗauke da wani sinadari mai suna indol, wanda idan ya yi kaɗan yakan ba furen ɗumi kamar na jikin mutum, idan ya yi yawa kuma sai ya koma warin ƙwayar kafur da muke sakawa a akwatin tufafi, har da ɗan warin dabba da ke tuna wa mutum jibda. Tuberose, wanda asalinsa daga Meziko ne amma yanzu ake nomansa sosai a Indiya, yana da wani sanyi kamar na man zafi a farkon buɗewarsa. Yawancin masu haɗa turare ɓoye wannan suke yi, amma Christopher Sheldrake ya fito da shi fili a Tubéreuse Criminelle na Serge Lutens a 1999, shi ya sa mintunan farko ke korar mutane da yawa kafin furen ya kwanta ya yi laushi. Poison na Dior, da ya fito a 1985, dangi ɗaya ne, sai dai ya fi zaƙi.

Yanayin Kumasi ne zai raba miki gardama. Lokacin damina, da zafi da gumi, farin fure yana kumbura ƙwarai, ta yadda fesawa biyu za su cika trotro, wato motar haya, daga Asawase har Adum, kuma wadda ke kusa da ke a sahun Idi ba za ta ji daɗi ba. Wardi da facoli ya fi haƙuri da gumi, a hunturu kuma, daga Disamba zuwa Fabrairu, yakan zauna daram a busasshiyar fata idan an fara shafa man kaɗe.

Tunda turaren yau da kullum kike so, na kasuwa da na biki, ki ɗauki wardin. Farin furen ki sayi ɗan awo kaɗan tukuna, ki shafa a wuyan hannu ba a takarda ba, ki koma gida ki sake shinshinawa bayan La'asar da kuma bayan Isha'i kafin ki biya kuɗin babbar kwalba.