Dikoda ko sabuwar talabijin: wanne ya fi wa mai tsohuwar talabijin?

Ɗan'uwa, ka ce talabijin ɗin Baba mai ƙeya ce, ta haura shekara 15 ba ta taɓa ganin mai gyara ba, ga shi ana ta sanarwar za a kashe analog, wato tsohon tsarin watsa talabijin, a koma dijital. Ka tambaya ko a saya mata dikoda, ko a jingine ta a sayo sabuwa shafal. Ni dai dikoda zan ce, muddin hotonta garau yake. Amma bari in jera maka su biyun, don akwai wuraren da sabuwar ta yi mata fintinkau.

Gilashin tsohuwar da lasifikarta ba su da laifin komai. Abin da zamani ya bari a baya ɗan sashen nan ne na ciki mai kamo tasha daga eriya, wanda analog kaɗai ya iya ji. Dikoda tafinta ce: ta karɓi saƙon dijital daga eriya, ta juya shi zuwa abin da tsohuwar ta saba, ta miƙa mata. Ita sabuwa da nata tafintan take zuwa a ciki. Sauyin kuwa ya daɗe a hanya. Tun 2006 aka ƙulla yarjejeniya a Janiba ƙarƙashin hukumar sadarwa ta duniya, ITU, aka sa wa Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya wa'adin 17 ga Yuni, 2015. Amurka ta kashe manyan tashoshinta na analog a 2009, Birtaniya ta kammala a 2012, ƙasashen Afirka da yawa kuma wa'adin ya wuce su. Dalilin sauyin shi ne gurbin da tashar analog guda take cinyewa yana iya ɗaukar tashoshin dijital wajen 15 zuwa 20, rarar kuma a ba kamfanonin waya su yi intanet da ita.

Ta fuskar hoto, sabuwa ce a gaba, babu ja. Mai ƙeya layi 576 ne iyakar abin da take nunawa, ko da tashar HD ce sai dikoda ta rage mata shi. Sannan gilashinta kusan murabba'i ne, shirye-shiryen yanzu kuwa masu faɗi ne, don haka ko dai ka ga baƙin layi sama da ƙasa, ko a yanke gefe da gefe. Duk da haka Baba zai ga canji tun daren farko: yayyafin nan da ƙarar shuu da inuwar da take bin mai karanta labarai duk za su kau.

Wajen haɗawa ne nake so ka natsu, don a nan mutane suke asarar kuɗinsu. Juya talabijin ɗin ka duba bayanta. In ka ga ramuka uku, rawaya da fari da ja, ka huta: rawaya hoto, sauran biyun sauti. Ka sayi dikoda mai irin waɗannan ramukan, ka danna AV a rimot, shi ke nan. Ka lura, akwai ƙananan dikodoji da ba su da komai sai ramin HDMI na sababbin talabijin, waɗannan ba za su shiga mai ƙeya ba. In kuma rami ɗaya tak ka gani, na eriya, to sai dikodar da take fitar da hoto ta wayar eriya. Kada ramin da aka rubuta wa LOOP OUT ya ruɗe ka, a yawancinsu siginar eriya kawai yake wucewa da ita, babu hoto a ciki. Ka sa mai sayarwa ya gwada a gabanka.

Sabuwa ba ta da wannan wahalar, waya ɗaya rimot ɗaya, kuma ga dattijo wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Sai dai tana da nata tarkon. Ba kowace shafal ce dijital ba. Galibin ƙasashen Afirka da Turai tsarin DVB-T2 suke bi, Amurka ATSC, Japan da Barazil kuma ISDB-T. Kwancen da aka kawo daga Amurka ba za ta kama DVB-T2 ba komai kyanta, haka wadda aka rubuta wa DVB-T babu 2 ɗin. Na ga wanda ya rabu da lafiyayyar mai ƙeyarsa ya ɗauko shafal ta hannu, ya kafa ta a bango, ya nemi tasha bai samu ko ɗaya ba, dole ya koma neman dikodar da ya guda. Abin ya ba ni tausayi ƙwarai. Ga kuma wani abu: a wasu ƙasashe ana kulle siginar, sai dikodar da hukuma ta amince da ita ce take buɗewa. A irin wannan wuri ko sabuwa ka saya, dikodar tana nan tana jiranka.

Wuta kuwa, mai ƙeya ta fi ci. 'Yar inci 21 takan ja wat 60 zuwa 100, shafal ta LED mai inci 32 kusan rabin haka, dikoda kuma da wuya ta wuce wat 10. Ga mai dogaro da batir ko hasken rana, wannan kaɗai ya isa ya karkata shi ga sabuwa.

Eriya ita ce inda suka yi kunnen doki, kuma ita aka fi rainawa. Babu wata aba wai ita eriyar dijital, tsohuwar ta UHF da take kan rufi za ta yi in lafiyarta ƙalau. Halin siginar ne ya bambanta. Analog in ta yi rauni takan yi dishi-dishi amma ana kallo a haka. Dijital ba ta san wannan sassauci ba: hoto ya daskare, ya farfashe gida-gida, sai baƙi wuluk. Shi ya sa wayar da rana ta busar, ko bakinta da ya yi tsatsa, take iya hana ka komai, dikoda ce a ɗakin ko sabuwa. In za ka saita, buɗe shafin sigina, za ka ga sanduna biyu, ƙarfi da inganci. Ingancin za ka sa wa ido. Mutum ɗaya ya hau sama yana juya eriya a hankali, ɗaya yana ƙasa yana faɗa masa lamba, a ɗan dakata bayan kowane juyi don sandar takan yi jinkirin motsi.

Kafin ka fitar da ko sisi, tabbatar siginar dijital ta iso inda Baba yake. Tambayi maƙwabcin da ya riga ya haɗa, in da hali ka aro dikodarsa na yini guda ka gwada da eriyarku. In ba ta iso ba, duka biyun ba za su yi ba, sai dai a koma ga kwandon tauraron ɗan'adam da tasa dikodar ta DVB-S2, ita ma tana shiga mai ƙeya ta ramukan nan uku.

Zan sauya shawara in hoton ya fara duhu, ko launi ya rine gefe guda, ko sai ta ɗauki mintuna kafin ta kawo. Wannan ciwon talabijin ɗin ne ita kanta, dikoda ba ta da maganinsa. In babu ko ɗaya, haɗa masa dikodar, ka saita ta a kan 4:3 da PAL, wato fasalin gilashin mai ƙeya da tsarin hotonta, ka bar talabijin ɗin a AV, ka ɗora masa rimot ɗin dikodar kaɗai a inda ya saba ajiye na da.