Whittier ko Hamtramck, ina za ka iya zama?

Garin Whittier da ke jihar Alaska a Amurka mutum 272 ne kacal a ƙidayar 2020, kuma yawancinsu a bene ɗaya mai hawa 14 suke zaune, ga duwatsu ga teku, hanyar mota ɗaya ce tak ta cikin ramin dutse kuma da dare rufe ta ake, in ka makara sai kwanan mota. Hamtramck kuwa a jihar Mishigan ta Amurka take, Detroit ta kusa zagaye ta, mutum sama da dubu 28 a matse, da can 'yan Poland ne suka fi yawa, yanzu 'yan Yaman da Bangladesh sun cika ta, tun 2004 ake kiran sallah da lasifika. Ni dai wallahi Hamtramck zan ɗauka, ko don in riƙa jin kiran asuba ta taga.