Garmin, TomTom ko wayar hannunka? Amsa ga mai bin hanyar Kano zuwa Yamai

Malam, ka ce kana yawan tuƙi daga Kano zuwa Maraɗi, wani lokaci har Yamai, sabis yana yanke maka a hanya, kuma an kawo maka na'urar nuna hanya iri biyu na hannu, wato waɗanda aka taɓa amfani da su, Garmin da TomTom, kana neman wadda za ka ɗauka. Kafin ka dubi sunan kamfani ko faɗin allo, ka kunna kowacce ka nemo Jibiya, Maraɗi da Birnin Ƙonni a cikinta. Wadda ba ta same su ba, mayar wa mai ita.

Dukansu biyun hanya ɗaya suke bi wajen gane inda kake. Suna karɓar saƙo daga taurarin ɗan'adam na GPS, mallakar Amurka, da ke shawagi a nisan kusan kilomita 20,200 daga ƙasa, kuma da zarar na'ura ta kama huɗu daga cikinsu ta san wurinka. Wannan ba ya cin data, ba ya neman layin waya. Inda suke rabuwa shi ne taswirar da aka zuba musu. Yawancin na hannun da ke shigowa kasuwanninmu daga Turai ko Amurka suke, taswirar can ce a cikinsu, shi ya sa za ka ga kibiya tana yawo a fili fetal babu titi ko ɗaya. Haka ma allon da ke zuwa manne a motoci 'yan Kwatano.

A nan Garmin ta fi. Kamfanin Amurka ne, an kafa shi a 1989, kuma na'urorinsa na mota suna da ramin katin memori, suna kuma karanta taswirar da aka haɗa daga OpenStreetMap, wadda jama'a ke zanawa kyauta. Mai gyaran waya da ya san aikinsa zai iya sauke ta Nijeriya da ta Nijar ya zuba maka a kati. TomTom kuwa, ta birnin Amstadam a Holan, taswirar kamfaninta kaɗai take karɓa. Tana da kyau ƙwarai a titunan Turai, sababbinta suna sabunta kansu ta Wi-Fi, amma in ka sami tsohuwa mai taswirar Turai zalla, ka shiga wahala. Kada kuma rubutun da ke jikin kwali na cewa sabunta taswira kyauta ne har abada ya ja ka. A 2018 TomTom ta daina aika sabuwar taswira ga tsofaffin na'urorinta da dama, ta ce abin da take nufi shi ne muddin na'urar tana cikin lokacin amfaninta.

Labarin cunkoso da faɗakarwa kan kyamarar kama masu gudu, waɗanda ake ƙara kuɗi saboda su, hidima ce da aka gina don Turai da Amurka. Kar ka biya ko kwabo a kansu. Allo mai inci 5 ya ishi ƙaramar mota, mai inci 7 yana tare gilashin gaba sai dai a babbar mota.

Sai dai ina so ka sa ta uku a ma'auni, wato wayar da ke aljihunka, domin ita ma tana kama GPS ba tare da sabis ba. Google Maps yana ba da dama ka sauke yankin da za ka bi tun kana gida, ya riƙa yi maka jagora ko babu intanet. Manhajojin waya na Organic Maps da OsmAnd ma suna sauke taswirar OpenStreetMap ɗin nan kyauta. Manhajar Waze ce ba ta dace da hanyarka ba, ita sai da data. Kuma ka tuna yadda muke kwatance: ba mu cewa gida mai lamba kaza, cewa muke bayan gidan mai, kusa da masallacin Juma'a, ko a turo maka wurin ta WhatsApp. Waya taɓawa ɗaya za ka yi ta buɗe, ta kuma fi sanin sunayen shaguna da asibitoci. A Garmin sai ka zauna ka shigar da lambobin da ke nuna matsayin wurin a taswira ɗaya bayan ɗaya.

Raunin waya zafi ne. Ka maƙala ta a gilashi cikin ranar Afrilu tana caji tana nuna hanya, ba a jima ba allon zai dusashe ko ta kashe kanta, ga kira yana shigowa daidai lokacin da kake neman kwana. Na'urar da aka ƙera don mota ta fi jure wannan, kuma tana bar maka batirin waya don lalura.

Abu ɗaya ya fi damuna, kuma ya shafi dukan ukun. Babu wadda ta san hanyar da 'yan bindiga ke tarewa, ko gadar da ruwa ya cinye a daminar bana. In ka bar ta a kan zaɓin hanya mafi gajarta, tana iya cusa ka burtalin daji. Ka sa ta a kan mafi sauri, ka kunna gujewa hanyar da ba kwalta, ka kuma tambayi direbobin tasha halin da hanya ke ciki a ranar kafin ka tashi.

Da ni ne, Garmin zan ɗauka, bisa sharaɗin a zuba mata katin Nijeriya da Nijar a gwada a gabana, a haɗa mini da cajarta ta mota, tunda batirinta ba ya daɗewa. In mai sayarwa ya ƙi, ka riƙe kuɗinka ka sayi mariƙin waya mai maƙalewa a bakin iskar esi, ka sauke taswirar ƙasashen biyu kafin ka bar Kano.