Zama huɗu wajen mai gyaran jiki da hannu

Shekarata shida ina tuƙin tasi a Manchester, kuma bara ne ƙugu ya fara yi mini gardama. Ciwon yakan taso daga ɗuwawun dama, ya gangaro ta bayan cinya har ƙwauri, kamar an ɗora mini igiya mai zafi. Da a Zariya nake, wajen maɗori zan nufa. A nan kuwa wani abokin aiki ya tura ni wajen mai ostiyofati, hanyar jinya da hannu da wani likitan Amurka, Andrew Taylor Still, ya ɓullo da ita a 1874. A Birtaniya doka ta hana kowa amsa wannan suna sai mai rajista, don haka sai da na duba sunansa kafin na je.

Bai taɓa inda ke ciwon da farko ba. Ya sa na yi tafiya, na sunkuya, ya tambaye ni ko fitsari na ƙwace mini ko tsakanin cinyoyina na mutuwa. Ya ce da haka ne, asibiti zai tura ni nan take. Sannan ya nuna walat ɗin da ke aljihuna na baya. Ashe babbar jijiyar ƙafa, wadda ta fi kowace kauri a jiki, daga ƙasan ƙashin baya take fitowa, ta bi ta ƙarƙashin wata 'yar tsoka a ɗuwawu. Awa goma ina zaune a kan walat, tsokar ta ɗaure. A wurin masu ostiyofati jiki abu ɗaya ne, in kwankwaso ya karkace, baya ne ke biyan bashi.

Da ya danna wurin da gwiwar hannu, wallahi sai da na yi ƙwalla. Ya murɗa ƙuguna na ji ƙas! Na zaci ƙashi ne ya koma gurbinsa, ya ce a'a, iska ce a cikin ruwan gaɓa. Wannan gaskiyar tasa ta ƙara mini yarda da shi.

Kwana biyu jikina na tsami. A zama na uku na yi ruku'u da sujada ba tare da dafa bango ba.

Ƙorafina biyu ne: kuɗin da yawa, minti talatin kuma kafin ka ankara ta wuce. Ciwon ma yakan leƙo duk ranar da na yi dogon aiki ban yi miƙar da ya koya mini ba. Walat dai tana aljihun gaba yanzu.