Jakar goyon da na saya a Sabon Gari ta kai ni Zambiya ta dawo da ni

Tun da na dawo abokai ke ta tambaya ta ina na samo jakar nan, to bari in faɗa gaba ɗaya. A kasuwar Sabon Gari ta Zariya na saye ta, wani ɗan ƙaramin shago ne wajen masu jakunkuna, yana da na gwanjo yana da sababbi, mai shagon dattijo ne da ba ya gaggawa a ciniki.

Taro ne ya kai ni Darussalam ta Tanzaniya, to da yake yayana yana kasuwanci a Lusaka, babban birnin Zambiya, sai na ce tunda na zo kusa ai sai in ƙarasa mu gaisa, kuma ta jirgin ƙasa na TAZARA zan bi, wanda Caina ta gina tsakanin 1970 da 1975. Kilomita 1,860 ne daga Darussalam zuwa Kapiri Mposhi ta Zambiya, inda layin ya ƙare, a rubuce kwana biyu ne amma jirgin ya saba makara, namu sai da muka shiga kwana na uku. Ni kuwa iyakar sanina da jirgin ƙasa daga Rigasa ta Kaduna zuwa Idu ta Abuja ne, inda ko abinci ba ka buƙatar ɗauka.

Akwati mai taya na je saye, har na nuna wani baƙi mai sheƙi. Dattijon ya tambaye ni ina za ni, da na yi mai bayani sai ya girgiza kai ya ce "Malam, wannan na filin jirgin sama ne, inda ƙasa take sumul. Tasha kuwa tsakuwa ce da matakala." Ya shiga ciki ya fito da wata jakar goyo ta gwanjo ruwan toka, ya juya cikinta waje yana nuna min ɗinkin, ya ja zif ɗin ya kai sau goma a gabana, sannan ya ce in goya ya ɗaure min maɗaurin ƙugu da kansa ya ce in taka zuwa bakin layi in dawo. Kuma fa ta fi akwatin araha, shi ya sa na yarda da shi, ba kowane ɗan kasuwa zai hana ka mai tsada ba.

Wallahi maganarsa ta fito. Lungun tarago matsattse ne, mutum biyu sai sun karkace suke wuce juna, ɗakin kwanan namu gado huɗu ne biyu sama biyu ƙasa, jakata ta shige ƙarƙashin gadon ƙasa tsaf, wani ɗan Zambiya da muke ɗaki ɗaya kuwa akwatinsa ya ƙi shiga, haka muka yi ta tsallake shi har muka sauka. Abin da ya fi burge ni aljihun sama ne, nan na sa fasfo da tikiti da katin rigakafin shawara, da muka iso kan iyaka tsakanin Tunduma da Nakonde jami'an shige da fice suka shigo har ɗaki, ban zazzage komai ba na miƙa musu. Aljihun gefe kuma ya ɗauki 'yar butar alwala daidai, ɗaya gefen gorar ruwa. Ciki na cusa dabino da ƙuli-ƙuli da garin kwaki da suga, duk da akwai taragon abinci kuma a tashoshi mata na miƙo ayaba ta taga. Rigar sanyi ma shi ya tuna min, na ga amfaninta wajen tsaunukan Mbeya, sanyin dare kamar tsakiyar hunturu a Samaru.

Inda ban ji daɗi ba fawa banki ne da na haɗa da shi a shagon. Caji ɗaya da rabi ya yi wa wayata ya mutu, soket ɗin ɗakinmu kuma wuta na zuwa tana ɗaukewa, na yi kusan yini ba waya, Hajiyarmu a Tudun Wada hankalinta ya tashi don ba ta same ni ba. Wannan ya ɓata min rai sosai. Da na dawo na kai masa, bai yi musu ba ya ce shi ma sarowa ya yi bai gwada ba, ya maido min da kuɗina. Don haka jaka dai a saya a wurinsa ba fargaba, kayan caji kuwa a je wajen masu waya a PZ a gwada a gaban ido.

Jakar yanzu tana hannun ƙanena, zai tafi Umara da ita wata mai zuwa, zif ɗaya bai ɓalle ba.